Kashi 95 ɗin nan na wane ne? Bayani kan tazarar amincewa ta kaso

“Assalamu alaikum Malam. Ina shekarar farko a jami'a, muna yin kwas na gabatarwar ilimin ƙididdiga. A gwaji an ba mu wannan tambaya: an zaɓi mutum 400 ta hanyar ƙuri'a, 220 suka ce suna goyon bayan wani ƙuduri, a fitar da tazarar amincewa ta kashi 95 cikin 100. Na samu 0.501 zuwa 0.599, malaminmu ya ce lissafin daidai ne. Amma da na rubuta cewa akwai yiwuwar kashi 95 ainihin kason yana tsakanin waɗannan lambobi biyu, sai ya ja layi a ƙarƙashi ya rage mini maki. Ina kuskuren yake? Sannan a wata tambayar, an gwada kaya guda 20 aka sami 2 masu lahani, tazarar ta fito mini daga −0.03 zuwa 0.23. Ta yaya kaso zai gaza sifili? Ni ce na yi kuskure ko fomular ce?”

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Tambaya biyu kika yi, amma jijiyarsu ɗaya ce. A ta farko kina son sanin wanda ya mallaki wannan kashi 95 ɗin: tazarar da ke rubuce a takardarki, ko hanyar da kika bi kika samo ta. A ta biyu kina son sanin abin da ya sa fomular da ta yi miki aiki lafiya lau da mutum 400 ta ba ki amsar da hankali ba zai ɗauka ba da kaya 20. Amsar a gajarce ita ce, kashi 95 alkawari ne da hanyar lissafin ta ɗauka, kuma a tambayarki ta biyu hanyar ta saɓa alkawarin. Ba ki yi kuskuren lissafi a ko ɗaya ba. Amma don ki ga haka da idonki, sai mun koma baya kaɗan zuwa lissafin yiwuwa, domin a kansa aka yi ginin duka.

Daga jefa kwabo aka faro

Idan aka ce yiwuwar kwabo ya faɗi ta fuskar kai rabi ce, ba a yi maganar jifa ɗaya ba. Abin da ake nufi shi ne, idan aka yi ta jefawa ba ƙaƙƙautawa, kason jifan da suka faɗi ta kai zai yi ta matsowa kusa da 0.5. Jacob Bernoulli ne ya fara tabbatar da wannan da hujjar lissafi, a littafinsa da aka buga a 1713 bayan rasuwarsa. Akwai kuma wanda ya gwada da hannunsa. John Kerrich, malamin lissafi daga Afirka ta Kudu, yaƙin duniya na biyu ya rutsa da shi a Denmark aka tsare shi, sai ya cinye wani ɓangare na zaman da jefa kwabo sau 10,000. Sau 5,067 ya faɗi ta kai. Ki lura da abu biyu a nan. Adadin bai zo 5,000 cif ba, ya zarce da 67. Amma kason 0.5067 ne, wanda ke gab da rabi. Samfur, wato ɗan abin da aka ɗiba aka gwada, ba ya ba da gaskiya cif-cif, yana dai kewaya ta ne, kuma nisan kewayen yana da iyakar da ake iya lissafawa.

Ƙa'idoji biyu na yiwuwa za su yi mana aiki nan gaba, don haka ki riƙe su. Ta farko, idan abubuwa ba su dogara da juna ba, yiwuwar su faru gaba ɗaya ana samun ta ne ta ninka yiwuwar kowane da ta ɗan'uwansa: kwabo ya faɗi ta kai sau uku a jere, 0.5 × 0.5 × 0.5, wato 1 cikin 8. Ta biyu, yiwuwar abu ya ƙi faruwa ita ce 1 a cire yiwuwar faruwarsa: a samu aƙalla baya ɗaya a jifa ukun nan, 7 cikin 8.

Yanzu mu ɗauka mun san gaskiya. Mu ce a cikin jama'ar da aka zaɓo mutum 400 ɗin nan, rabi daidai ne ke goyon bayan ƙudurin. Kowane mutum da ƙuri'a ta faɗo a kansa ya zama tamkar jifan kwabo guda. Muna sa ran “eh” 200, amma da wuya a sami 200 daidai. Gwargwadon kaucewar da aka saba gani shi ne tushen murabba'in 400 × 0.5 × 0.5, wato √100, wato 10. A 1733 Abraham de Moivre ya nuna cewa idan jifan suka yi yawa, yadda sakamakon ke bazuwa yana ɗaukar siffar ƙararrawa: cunkoso a tsakiya, yana sirancewa ta hagu da dama. A wannan siffa, kusan kashi 95 na sakamako yana faɗawa ne cikin ninki 1.96 na wannan ma'auni daga tsakiya. Don haka da za a yi ta ɗibar mutum 400 ana maimaitawa, a kusan 95 cikin kowane ɗiba 100 masu cewa “eh” za su kasance tsakanin 180 da 220. Daga nan 1.96 ɗin da kike gani a fomula ta fito.

Yadda 0.501 zuwa 0.599 ta samu

Lissafin yiwuwa yana tashi ne daga gaskiyar da aka sani ya faɗi abin da samfur zai iya bayarwa. Ilimin ƙididdiga kuwa hanyar dawowa yake bi: samfur na hannu, gaskiya na ɓoye. Abin da ya haɗa su dabara ce mai sauƙi. Nisan da ke tsakanin kason samfur da kason gaskiya ɗaya ne, ko daga wane ɓangare aka auna. Idan a ɗiba 95 cikin 100 kason samfur bai yi wa gaskiya nisan da ya wuce wani geji ba, to a waɗannan ɗiban dai, in kika tsaya a kan kason samfur kika miƙa wannan gejin hagu da dama, za ki taɓo gaskiya.

Ga naki lissafin. Kason samfur 220 ÷ 400 = 0.55. Ma'aunin kuskurensa √(0.55 × 0.45 ÷ 400), wanda ya kama 0.0249. A ninka da 1.96, a sami 0.049. Wannan shi ne gejin kuskure da gidajen jaridu kan ambata idan suna ba da sakamakon jin ra'ayin jama'a. A cire shi daga 0.55, a kuma ƙara shi, sai a sami 0.501 da 0.599.

Akwai wani ɗan abu da muka yi a ɓoye, wanda littattafai da yawa kan wuce shi da sauri. Ma'aunin kuskure na haƙiƙa yana buƙatar kason gaskiya, mu kuwa ba mu san shi ba, shi muke nema. Sai muka cusa 0.55 na samfur a madadinsa. Da mutum 400 da kason da ke kusa da rabi, wannan musanyar ba ta cutar da komai: ko 0.50 ce gaskiyar ko 0.60, ma'aunin zai tsaya tsakanin 0.024 da 0.025. Amma ki sa alama a wurin, domin a nan gizo ke saƙa a tambayarki ta biyu.

Abin da malaminki ya ja wa layi

Kason gaskiya lamba ce guda ɗaya, a zaune take. Ba mu san ta ba, amma rashin saninmu ba ya sa ta motsi. Abin da ke motsi shi ne samfur, tare da tazarar da aka gina a kansa. Kafin a ja ƙuri'a, daidai ne a ce akwai yiwuwar kashi 95 tazarar da za a samu ta rufe gaskiya. Da zarar an ja, an ƙirga, an rubuta 0.501 da 0.599, babu sauran abin da ake jira ya faru. Ko dai gaskiyar tana ciki, ko ba ta ciki. A ma'anar yiwuwa da kwas ɗinku yake amfani da ita, wato yawan faruwar abu idan aka yi ta maimaitawa, ba a jingina yiwuwa ga lambar da ba ta canzawa.

Ga yadda nakan nuna wannan a aji, kuma ban san wata hanya da ta fi ta shiga kai ba. Nakan zo da jaka cike da ƙananan ƙwallaye ja da farare, ni kaɗai na san cewa kashi 60 ja ne. Kowane ɗalibi zai ciro ɗaya ido rufe, ya rubuta launin, ya mayar, a girgiza, har sau 50. Sai ya lissafa tazararsa, ya je allo ya zana ta a matsayin gajeren layi a kwance, kowa a ƙarƙashin na wanda ya riga shi. Wani zai sami ja 33, layinsa ya tashi daga 0.53 zuwa 0.79. Wata za ta sami 28, nata ya tashi daga 0.42 zuwa 0.70. Layukan ba sa daidaita, wani ya karkata hagu, wani dama. Sai a ƙarshe in ɗauki alli in ja dogon layi ɗaya daga sama har ƙasa a kan 0.60. Mafi yawan gajerun layukan dogon zai ratsa su. Amma akan sami ɗaya ko biyu a gefe, kamar na wanda ya ciro ja 22 kacal, wanda tazararsa ta tsaya daga 0.30 zuwa 0.58.

Wannan ɗalibin shi ne darasin gaba ɗaya. Bai yi kuskure ba ko kaɗan. Ya girgiza jaka, ya rufe ido, ya yi lissafi daidai, kuma da ban ja dogon layin ba, babu wani abu a takardarsa da zai gaya masa cewa tasa ta kauce. Ke ma haka kike da 0.501 zuwa 0.599: ba ki da hanyar sanin ko taki tana cikin 95 da suka kama ko cikin 5 da suka kuskure. Abin da kike da shi kawai shi ne sanin cewa kin yi aiki da hanya mai kamawa sau 95 cikin 100. Haka Jerzy Neyman ya tsara abin a maƙalarsa ta 1937, kuma da gangan ya ɗora tabbacin a kan hanya.

Ƙa'idojin nan biyu na ɗazu suna ƙara fito da wannan. A ce ɗalibai 20 ne suka zana layi, kowa da ɗibarsa daban. Yiwuwar dukkansu su kama ita ce 0.95 a ninka da kanta sau 20, wato kusan 0.36. Ke nan yiwuwar aƙalla ɗaya ya kuskure ta kai 0.64. Duk mai karanta rahotannin bincike da yawa ya kwana da sanin cewa wasu daga cikin tazarorin da ya karanta ba su ƙunshi gaskiya ba, kuma ba wanda zai iya nuna masa waɗanne.

Jimlar da za ki rubuta a jarrabawa ita ce: “Muna da amincewar kashi 95 cewa kason masu goyon baya a cikin jama'ar yana tsakanin kashi 50.1 da kashi 59.9.” In an nemi ƙarin bayani, ki ce da za a maimaita ɗibar samfur irin wannan sau da yawa, kusan kashi 95 na tazarorin da za a samu za su ƙunshi kason gaskiya. Ki guji wasu fassarori biyu da suka fi taki muni: cewa kashi 95 na mutanen suna cikin tazarar, wanda ba shi da ma'ana sam, da cewa kashi 95 na samfuran gaba za su ba da kaso a cikinta. Wannan na biyun ya yi kama da gaskiya amma ba ita ba ce. Sabon samfur shi ma yana da nasa kaucewar, kuma idan aka haɗa kaucewar biyu, adadin kan sauko zuwa wajen kashi 83.

Sai dai zan yi miki adalci. Jimlar da kika rubuta ba shirme ba ce. Akwai wata mazhaba a ilimin ƙididdiga da ake dangantawa da Thomas Bayes, wanda aka buga maƙalarsa a 1763, inda yiwuwa ke nufin gwargwadon yaƙinin mutum a kan abin da bai sani ba. A can, mutum kan fara bayyana abin da yake zato kafin ya ga bayanai, sannan bayanan su gyara zaton, kuma halal ne ya ce “akwai yiwuwar kashi 95 kason yana nan”. Idan ya fara da zaton da bai fifita kowane kaso ba, da alƙaluman nan naki zai sami tazarar da kusan ba ta bambanta da taki. Ra'ayina shi ne malaminki ya yi daidai da ya rage makin, domin ma'anar Neyman ake koya muku, kuma wanda bai gane ta ba zai sha wuya idan aka zo gwajin hasashe. Amma ba na son ki tafi da tunanin cewa hankalinki ne ya karkace. Tambaya ce kika amsa wadda wannan fomular ba ta yi ba.

Kafin mu bar wannan misali, ki dubi gindin tazarar taki da kyau. 0.501 ta haye rabi, don haka wani zai yi sauri ya ce an tabbatar mafi rinjaye suna goyon baya. To, da mutum ɗaya tak cikin 220 ɗin ya ce “a'a”, aka sami 219, gindin zai koma 0.499. Da kuma amincewar kashi 99 aka nema, inda ake ninkawa da 2.576, tazarar za ta buɗe daga 0.486 zuwa 0.614, rabi ya shigo ciki sosai. Alƙaluman sun karkata ga rinjaye, amma da ƙyar, kuma mai gaskiya haka zai faɗa. Kashi 95 al'ada ce da masana suka saba da ita, babu wata katanga a wurin.

Kason da ya gaza sifili

A nan laifin na fomula ne, ko in ce na amfani da ita inda ba hurumin ta ba. Kason samfur 2 ÷ 20 = 0.10, ma'aunin kuskure √(0.10 × 0.90 ÷ 20) = 0.067, geji 0.131, tazara −0.03 zuwa 0.23. Lissafinki daidai. Amma fomular, wadda ake kira ta Wald duk da asalinta ya koma zamanin Laplace, masanin lissafi Bafaranshe, ta tsaya ne a kan ƙafa biyu, kuma a nan duka biyun sun karye.

Ƙafar farko ita ce siffar ƙararrawa, mai daidaiton hagu da dama. Idan kashi 10 na kaya ke da lahani aka ɗebi 20, masu lahani za su iya kai 5 ko 6, amma ba za su iya gaza sifili ba. Bazuwar ta matse a hagu, ta ja wutsiya a dama. Fomular ba ta san da wannan bango ba, sai ta miƙa hannu iri ɗaya ta kowane gefe ta ratsa shi. Ƙafa ta biyu ita ce musanyar da na ce ki sa wa alama. Da ƙaramin samfur da kason da ke kusa da gefe, ma'aunin kuskure yana canzawa sosai gwargwadon lambar da aka cusa. Idan samfur ya ba da kason da ya gaza gaskiya, sai ya kuma ba da gejin da ya gaza wanda ya kamata, kuskure biyu a lokaci guda, suna tafiya gefe ɗaya.

Mu gwada ta da ma'aunin da ya dace da kowace hanya: sau nawa take kamawa? A ce gaskiyar kashi 10 ce. Yiwuwar a ɗebi 20 ba a sami ko ɗaya mai lahani ba ita ce 0.9 a ninka da kanta sau 20, kusan 0.12. A duk sanda haka ta faru, kason samfur sifili ne, ma'aunin kuskure sifili, tazara ta zama daga 0 zuwa 0. Fomular tana shaida cewa babu lahani ko ɗaya a duniya, alhali kaya ɗaya cikin goma lalatacce ne. Wannan kaɗai ya cinye kashi 12. Idan aka haɗa da ɗan abin da ke kuskurewa ta sama, hanyar da ta yi alkawarin 95 tana kamawa ne kusan sau 88 cikin 100. Shi ya sa littattafanku suke gindaya sharaɗin a sami aƙalla 10 na kowane ɓangare, masu lahani da marasa lahani, kafin a taɓa wannan fomula. Wasu sukan ce 5, wasu 15. Ke 2 gare ki. A 2001 masana ƙididdiga Brown da Cai da DasGupta sun nuna cewa ko an cika irin waɗannan sharuɗɗa, kamawar hanyar Wald tana hawa da sauka ba tsari, har ma da samfuran da ake ganin manya ne.

Wasu ɗalibai sukan goge −0.03 su rubuta 0. Hakan ya gyara abin kunyar da ake gani, bai gyara cutar ba, domin matsalar da ta fi haɗari tana can sama: 0.23 ta yi ƙasa da yadda ya kamata.

Maganin ya daɗe. A 1927 Edwin Wilson ya kawo hanyar da ba ta yin musanyar nan. Maimakon cusa kason samfur, sai ta bi kowane kaso da zai iya zama gaskiya ta tambaya: da wannan ne gaskiyar, shin samun 2 cikin 20 abu ne da aka saba gani? Duk kason da amsar ta zama eh, yana cikin tazara. Da alƙalumanki tana ba da 0.028 zuwa 0.301. Ki ga ba ta taɓa sifili ba, kuma ta fi miƙewa ta sama, daidai da siffar bazuwar. A 1934 Clopper da Pearson sun kawo wata da ke lissafi kai tsaye ba tare da siffar ƙararrawa ba, tana ba da 0.012 zuwa 0.317. Ita ba ta taɓa gaza alkawarin 95, amma sau da yawa takan zarce shi, sai tazarar ta yi faɗin da ya wuce buƙata.

Wadda na fi koya wa 'yan shekarar farko ita ce ta Agresti da Coull ta 1998, domin ana yin ta da ƙaramar na'urar lissafi. Ki ƙara 2 a kan masu lahani, ki ƙara 2 a kan marasa lahani, sannan ki yi fomular da kika saba. Sai ya zama 4 cikin 24, wato 0.167, ma'aunin kuskure 0.076, geji 0.149, tazara 0.018 zuwa 0.316. Ɗalibai kan yi turus, su ce ai wannan ƙirƙirar bayanai ne. Ba haka ba ne. Murabba'in 1.96 ya kusa 4, kuma idan aka warware fomular Wilson za a ga tsakiyarta kusan wannan ƙarin take yi. Dabarar tana jan tsakiyar tazara kaɗan zuwa rabi, ta nisanta ta daga bango. Da mutum 400 ƙarin ba ya canza komai na a zo a gani, da kaya 20 kuwa shi ne bambancin hanya mai cika alkawari da mai saɓawa. Ta amincewar kashi 95 ce, kada ki ɗauke ta haka nan zuwa 90 ko 99.

Idan kuma sifili aka samu, akwai gajeriyar ƙa'ida da likitoci da masu duba ingancin kaya ke amfani da ita: a raba 3 da girman samfur. An gwada 60 ba a ga lahani ba, to kason lahani zai iya kai 3 ÷ 60, kashi 5. Dalilin yana cikin ƙa'idar ninkawa: da kashi 5 ne gaskiyar, yiwuwar 60 su wuce lafiya ita ce 0.95 sau 60, kusan 0.046, wato dab da iyakar abin da za a ce ba a saba gani ba. Rashin ganin lahani a ƙaramin gwaji bai wanke kaya ba, kuma wannan ya fi muhimmanci idan maganar illar magani ake yi.

Abin da faɗin tazara ke faɗa, da wanda ba ya faɗa

Girman samfur yana ƙarƙashin alamar √, don haka sai an ninka shi sau huɗu kafin geji ya ragu da rabi. Idan kaso na kusa da rabi, geji na kashi 5 yana buƙatar mutum 385, na kashi 3 yana buƙatar 1,068, na kashi 1 kuma 9,604. Shi ya sa binciken jin ra'ayi da yawa ke tsayawa a wajen mutum dubu. Yawan jama'ar da aka ɗebo daga ciki kuwa bai shiga fomular ba, matuƙar samfurin bai wuce kamar kashi 10 nasu ba. Likita ba ya ɗibar jinin ƙato fiye da na siriri don ya gwada shi. Ki kuma kula idan aka yanki wani rukuni daga cikin samfur: in mutum 100 ne kawai daga cikin 400 ɗinki suka haura shekara sittin, gejin maganar da za a yi a kansu ya kai kashi 10.

Duk wannan lissafi kuskure iri ɗaya yake aunawa, wato na sa'ar ƙuri'a. Idan zaɓen mutanen ya karkace tun farko, fomula ba ta gani. A zaɓen shugaban ƙasar Amurka na 1936, mujallar Literary Digest ta aika takardun tambaya kusan miliyan 10, sama da miliyan 2 suka dawo, ta yi hasashen Alf Landon zai doke Franklin Roosevelt da kusan kashi 57. Da an sa wannan adadi a fomularki, gejin ba zai kai kashi ɗaya cikin dubu ba. Roosevelt ya sami kusan kashi 61 na ƙuri'u, ya ci jihohi 46 cikin 48. Mujallar ta tsamo sunaye ne daga irin su kundin masu tarho da rajistar masu mota, a lokacin da talaka ba shi da ko ɗaya, sannan waɗanda suka ga damar mayar da amsa ba su yi kama da waɗanda suka yi shiru ba. George Gallup, mai binciken jin ra'ayin jama'a, da samfurin da bai kama ƙafar nasu ba, ya faɗi cewa Roosevelt zai ci. Tazara siririya a kan samfur karkatacce ta fi faffaɗa haɗari, domin tana sa mutum ya saki jiki.

A takardar jarrabawa kalmomin “ta hanyar ƙuri'a” sun ɗauke miki wannan nauyi. A aikin gaske ba wanda zai ɗauke miki, kuma abin da na faɗa a nan yana da iyaka. Duk fomulolin nan sun ɗauka cewa kowane mutum an ciro shi shi kaɗai, ba ruwansa da wanda aka ciro kafinsa. Manyan binciken gidaje ba haka ake yin su ba: akan zaɓi unguwanni ko makarantu tukuna, sannan a tambayi mutane da yawa a kowace. Mutanen wuri ɗaya sukan yi kama da juna, don haka mutum 400 daga wurare 20 ba su kai 400 da aka tsinto ɗai-ɗai ba wajen ba da labari, kuma fomularki za ta ba da tazarar da ta fi ta gaskiya ƙunci. Gyaran wannan yana cikin kwas na tsara samfur da za ku yi nan gaba.

Ban ga tsarin ba da makin malaminki ba, don haka a jarrabawa ki bi hanyar da ya koyar. Amma ki fara duba sharaɗin 10 da 10 ki rubuta shi a fili, in bai cika ba ki faɗi haka, sannan ki yi ta ƙarin 2 da 2 idan an ba da dama. A aikin bincikenki na shekarar ƙarshe kuwa, manhajojin ƙididdiga irin su R suna da hanyar Wilson a shirye, kuma ita nake ba ki shawarar amfani da ita ko samfurin ƙarami ne ko babba.